Rasuwar Fankar Jidda, Wadda Karamci Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Alhaji Ya'u mai goro na Magarya yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, daga Yekuwa har Dungas, rasuwar fankarsa, wadda ya ɗauko daga Jidda a hajjin 1974. Ta cika a wannan bazara, ranar Laraba, zafi na tsakiyar ganiyarsa.

Marigayiya mai adalci ce. Idan ta juya kai dama ta hura wa attajiri, sai ta juyo hagu ta hura wa mai tallar itace, gwargwado ɗaya. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, iyakarta "fuuu", sai ɗan "ƙat" in wuyanta ya kai ƙarshe.

Tun zuwanta ba ta da cikakkiyar lafiya. Jibo mai gyaran rediyo ya duba ta, ya ce inda aka saye ta wuta ɗari da goma take ci, tamu kuwa ɗari biyu da ashirin ce. Ya haɗa ta da wani ɗan akwatin ƙarfe, taransifo, mai raba mata abincin biyu. Ya ƙara da cewa wutar can tana bugawa da sauri fiye da tamu, wannan kuma akwati ba ya maganinsa. Shi ya sa take juyi a sanyaye, kamar baƙuwa mai kewar gida.

Ranar da abin ya faru Alhaji ya tafi Dungas da goro. Ƙanensa Illo ya zo daga Guci gaida tsohuwarsu, Inna Ƙande, ya tarar da ita sharkaf da gumi, fanka na lilo a gabanta. Ya bi waya da ido har ya ga akwatin, aka gaya masa aikinsa. Illo bai taɓa jin gidan da ake auna wa baƙo tuwo ba. Ya ɗauka rowar wansa ce, ya cire akwatin ya haɗa fankar da wutar bango kai tsaye.

Waɗanda suka shaida sun ce ba su taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ta yi "wuuuu", ta kwashe ɗankwalin Inna, ta watsa kaji. Sannan ta ce "tas", ta saki hayaƙi.

Tun ranar Alhaji bai amsa sallamar Illo ba. Ya zauna yana juya maganar. In ya ce Illo ya yi kisa, ai don uwa ya yi, kuma Inna ta rantse ba ta taɓa shan iska mai daɗin wannan ba. In ya ce ba laifi, to ga gawa. Ya kuma rasa wanda ya fi kyautata mata: shi da ya raya ta da rabin ciki, ko wanda ya ƙosar da ita sau ɗaya. Malamai biyu ya tambaya, duka sun ce ya je ya sayi wata.

Ta rasu ta bar taransifo cikin takaba, da kwalin da ta zo ciki, da tsohon mafici na kaba wanda aka dawo da shi bakin aiki bayan ya yi murabus.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ba za a yi mata wanka ba, don tun tana raye Jibo ya hana ta ruwa. Za a sa ta a kwalinta a kai ta saman rumbu. Masu ta'aziyya kowa ya zo da maficinsa. Illo ne zai ɗauki gawar, kuma Alhaji ya ce in ya sauke ta ya zo su ci tuwo kwano ɗaya. Wanda duk ya ce ya ƙoshi a gidan nan, ba za a ƙara masa ba.