Kuɗin Shara a Satoshi

"...Lafiya ƙalau, sai dai ganinki da farar safiya, wanda ban taɓa ganin alherinsa ba," in ji Alhaji Rilwanu.

"Alheri ne mana, tunda na same ka da rai. Na ɗauka bana wajen magada zan karɓi kuɗina."

Iya Mariyamu ke nan, ta shigo gidansa a Maitumbi da tsintsiya a hammata. Uwarta ƙanwar ubansa ce, wato taubasai ne, ita 'yar mace, shi ɗan namiji. Duk watan cika-ciki sai ta hawo keke daga Sauka Kahuta, ta ɗan ja tsintsiya a tsakar gidansa, ya biya ta kuɗin shara. Tun suna da haƙora suke haka. Bana ko sunkuyawa ba ta yi ba. Tana shigowa ta hangi babbar rigarsa ta shadda a kan igiya, wadda zai sa gobe zuwa sunan jikansa a Kagara. Ta sauke ta, ta ninke, ta zauna a kai.

"Tashi min daga kan riga, ke baiwa!"

"Biya ni, ubangida."

"Wace sharar kika yi?"

"Na share igiya. Duba ka gani, tas."

"Wannan nauyin naki ko jirgin ƙasa ya ɗauka sai ya yi nishi."

"Kai ka sani, tunda kai ka yi musu aiki har jiragen suka gaji da kai suka tsaya. Kawo kuɗina."

"Mariyamu, ko sisi babu a gidan nan. Mujahid, ɗan da na sha wahala a kansa, an yi masa haihuwa, na ce ya aiko kuɗin ragon suna. Wai shi a Legas da kuɗin intanet ake biyansa, bitkoyin. Zo ki ga abin da ya aiko wa ubansa." Ya zaro waya, ya miƙa ta nesa da ido. "Sifili, ɗigo, sifili, sifili, ɗaya, biyar. Ko ɗaya bai cika ba! Rago da sifili!"

"Jininka ne. Ka kira shi?"

"Shi yake ta kira, na ƙi ɗauka. Bunsurun can zan kai Kagara, surukai su yi dariyarsu su gama."

Bunsurun yana ɗaure a gindin mangwaro, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Iya Mariyamu ta dube shi, ta dubi Alhaji.

"Kun yi kama. Amma wannan matsalarku ce. Ni kuɗina."

Nan dabara ta faɗo wa Alhaji. Ya gyara murya.

"To saurara. In an taɓa nan, sai sifilan su juye su zama dubu ɗari da hamsin, wai satoshi. Zan ba ki dubu goma daga ciki. Dubu goma, Mariyamu! Tun da uwarki ta haife ki an taɓa ba ki dubu goma kuɗin shara?"

"Kai ne za ka ba da dubu goma kana murmushi? Kai da kake raba goro ɗaya ya kai ka Juma'a? Akwai cuta. Mene ne satoshin?"

"Canji ne, 'yan ƙananan."

"Ƙanana kamar me? Kar ka yi min ƙarya, ka je Makka."

Ya sosa sanƙo. "Kamar kwabo. Bitkoyin shi ne nairarsu, satoshi shi ne kwabonsu."

"Kwabo! Da kwabo za ka biya ni? Rabona da kwabo tun ina da ƙugu. Kwabo dubu goma naira ɗari ke nan, tsohon banza, ko kuɗin keke bai kai ba. Duka nawa ne?"

"Raba da ɗari mana. Naira dubu ɗaya da ɗari biyar."

"To duka nake so."

"Rabi."

"Duka, ko in kwana a kan rigar nan. Kuma ka san na sha koko da yawa."

"Ɗauki! Ɗauki duka, ki raba ni da abin kunya. Magdalina!"

Magdalina 'yar Kagoro ce, tana haya a gidan, tana sana'ar POS a ƙofar gida, kuma samarin unguwa wajenta suke canza irin wannan kuɗi zuwa naira. Ta shigo tana goge hannu. Alhaji ya ce ta tura duk abin da ke cikin wayarsa zuwa tata, ta ba tsohuwar nan naira. Ta duba wayar, ta ɗago kai.

"Baba, ka san nawa ne wannan kuwa?"

"Na sani. Na yi lissafi tun kafin a haifi babanki."

"Baba, in ya tafi fa ba ya dawowa."

"Shi nake so. Kada ki sa baki a wasan taubasai."

"Tsaya," in ji Iya Mariyamu. "Faɗa a gabanta. Na san halinka, gobe ka ce aro ne."

"Magdalina, ki shaida: kuɗin shara ne, na ba ta duka, duniya da lahira. Wanda ya nemi a maida masa, ba ɗan halak ba ne."

Magdalina ta ɗaga kafaɗa, ta latsa. Sai ta juya wajen Iya Mariyamu.

"Mama, sai kin jira na je banki. Kuɗin hannuna ba zai kai ba."

"Dubu ɗaya da ɗari biyar ɗin ce ba ki da ita?" in ji Alhaji. "Wace irin sana'a kike yi?"

"Baba, ba kwabo ba ne. Kwabo ɗari ne naira ɗaya. Shi bitkoyin ɗaya, satoshi miliyan ɗari ne a cikinsa. Kuma yau bitkoyin ɗaya wajen naira miliyan ɗari da hamsin ake saye, gobe yana iya hawa ko sauka. To ka ga satoshi ɗaya naira ɗaya da rabi ke nan."

"Ƙaramin ya fi naira?"

"Ya fi ta. Dubu ɗari da hamsin ɗinka, naira dubu ɗari biyu da ashirin da biyar ne, kafin in cire ladana."

Alhaji ya nemi kujera da hannu bai samu ba, ya zauna a kan turmi. Iya Mariyamu ta rangaɗa guɗa har bunsurun ya firgita.

"Kuɗin rago ne!" in ji Alhaji.

"Kuɗin shara ne. Magdalina, me ya ce game da wanda ya nemi a maida masa?"

"Ni ba na sa baki a wasan taubasai, Mama."

"Mariyamu, ki ji tsoron Allah. Jikanki ne fa kema."

"Ai shi ya sa ba zan bar shi da bunsuru ba. Rago zan saya, mai ƙaho biyu a murɗe, in kai shi Kagara da kaina. Maroƙi ya tashi ya ce Mariyamu baiwa ta kawo rago, kakan yaro kuwa ya kawo sanƙo."

"Ba zan roƙe ki ba. Uwarki ma daga gidanmu ta fito."

"Kar ka roƙa. Wa ya ce ka roƙa?"

Wayar Alhaji ta soma ƙara. Mujahid ne. Alhaji ya dube ta kamar maciji, ya kife ta a kan cinya.

"Ɗauka mana, ka gaya masa ka ba da ragon ɗansa ladan share igiya."

Ya bar wayar tana ƙara har ta gaji. Sannan, a hankali: "Me kike so?"

Ta zaro tsintsiyar daga hammata, ta jefa masa a gaban ƙafa.

"Daga bakin zaure har gindin mangwaro. Har da kashin ɗan'uwanka."

"Ni? Ɗan namiji? Tun kakanni ba a taɓa yi ba!"

"Tun kakanni ba a taɓa ba da rago a kuɗin shara ba."

"To a rufe ƙofa."

"Magdalina, buɗe ta da kyau, iska ta shigo."

Ya ɗauki tsintsiyar. Ya sunkuya, gwiwoyinsa suna ƙara, ya soma ja. Mai keke ɗaya ya tsaya a ƙofa yana leƙe. Iya Mariyamu tana kan riga tana nuni da yatsa: can ka tsallake, nan ba ka kai lungu ba, haka aka koya maka a gidanku? Yana isa gindin mangwaro bunsurun ya kama bakin tsintsiyar yana ci. Alhaji ya ja, bunsuru ya ja. Sai dariya ta ƙwace masa, ya dafa bishiya yana tari.

"Na sallama, 'yar Gwaggo. Kin ci bana."

"Magdalina, cire min dubu ɗaya da ɗari biyar, lissafinsa ne, ban ƙara ko kwabo ba. Sauran ki ba shi ya je kasuwa, kuma ya kira yaron nan ya ba shi haƙuri."

Ta tashi, ta miƙa masa rigar, duk ta yamutse. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta zaro tsohuwar ɗari biyar, ta danƙa masa a tafin hannu.

"Ungo kuɗin shararka."

Ya juya ta gaba da baya. "A naira?"

"Ni ba na biyan bayina da kuɗin da ban san kansa ba."

Ya ninke ta, ya sa a aljihu.