Yadda Za Ka Zama Gwanin Bindigar Da Ba Ka Taɓa Harbawa Ba

Ɗan'uwa, in kana zaune a Jidda, ga iƙama, wato takardar izinin zama, a aljihu, ga baki lafiya lau, amma in ka yi magana a majalisa ba mai juyowa, to kwantar da hankalinka. Matakai bakwai ne kacal. Ka bi su daki-daki, ni na lamunce maka kafin wata uku za a riƙa matsa maka a kan tabarma, a miƙo maka shayin farko, ko da kuwa ko danƙo ba ka taɓa harbawa ba. An gwada hanyar nan a kan Maman Lawali, mutumin Damagaram, direban wani Balarabe da ake kira Abu Othman, ta kuma yi aiki fiye da yadda shi kansa ya so. Da shi za mu riƙa misali.

Mataki na ɗaya: Samu bindiga, amma ta wani

Kai baƙo ne a ƙasar nan, kada ma ka yi mafarkin mallakar taka. Ta kafilinka, wato maigidan da ya tsaya maka, ta ishe ka.

Abu Othman yana da wata da ya gada a wurin mahaifinsa. Doguwa ce, mai gindin katako, da wani ƙarfe a gefe kamar sakatar ƙofa, wanda sai ka ɗaga ka ja baya ka mayar kafin kowane harbi. Amma duk tsawon nan nata, ɗan guntun harsashin fistol take ci. Shekara goma sha huɗu Maman Lawali yana goge ta duk safiyar Alhamis da mai da tsohon rawani, ya mayar kabad, maigida ya kulle ya jefa makulli aljihu. Bai taɓa jin ƙararta ba. Wannan bai hana shi kiranta "bindigarmu" ba, kai ma kada ya hana ka.

Mataki na biyu: Haddace karatun masu ita

Masu irin wannan bindiga duk karatunsu ɗaya ne: ba ta dukan kafaɗa, ba ta toshe kunne, harsashinta araha, saitinta kuwa ba a magana. Ka haddace, ka je majalisa ka zuba. Maman Lawali a ƙofar shagon Isha'aku tela yake zuba nasa, nan unguwar Sa'alaba, bayan la'asar.

Dole ka samu abokin gardama, don gwani ba ya fitowa sai da mai musu. Nasa shi ne Abdulghani makanike, haifaffen Jidda, wanda rabin maganarsa Larabci ce.

"Ya sheikh, wannan ai wasan yara ne," in ji Abdulghani. "Harsashin fistol in ya wuce taki ɗari, halas, shi ke nan, ƙasa yake nema. Jifa da dutse ma ya fi shi."

Maman Lawali ya kurɓi shayi, ya dube shi da tausayi. "Bon, Malam Abdulghani, ka taɓa riƙe ta?"

"Ban taɓa ba."

"To ni duk mako ina riƙe ta."

Ka lura, bai yi ƙarya ba. Gwani na gaske yakan fara da gaskiya, daga baya ne yake sakin jiki.

Mataki na uku: Ƙara taki duk mako

Ka fara da tawali'u. A makon farko Maman Lawali ya ce bindigar tana samun gwangwanin madara a taki hamsin. Mako na gaba taki ɗari ne, kuma shi ne ya harba. Kafin azumi ya kama an kai taki ɗari uku, gwangwani ya koma murfin kwalba, aka kuma gano cewa kakansa shi ne sarkin maharban wani gari da babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Matarka za ta yi ƙoƙarin hana ka. Fatu, matar Maman Lawali, ta ce masa, "Baban Zakiya, kai da ko zakara sai ka kai wa maƙwabci ya yanka maka? Ka rufa mana asiri." Kada ka saurara. Mata ba su san sha'anin makami ba, sun dai san mazansu.

Mataki na huɗu: Tanadi uzuri tun ba a tambaye ka ba

Bindiga ba ta kuskure, kai ma ba ka yi. Iskar teku ce, ko harsashin ya kwana biyu, ko rana ta haske maka ido. Riƙe ukun nan a ka.

Mataki na biyar: Kada ka damu da mai saurare shiru

A kowace majalisa akwai wanda ba ya musu, sai gyaɗa kai. A ta Isha'aku akwai Kassimu, shi ma direba ne, amma wata huɗu ba aiki, yana wankin motoci a layin su Abu Othman, iƙamarsa saura kaɗan ta mutu. Shi ne ke cewa, "Allah, Yaya Lawali? Taki ɗari uku?" Irin wannan mutum ka ƙaunace shi, ka ƙara masa hamsin.

Wata safiya Kassimu yana goge gilashin jip ɗin Abu Othman, sai ya yi masa murna da samun direba irin wannan, maharbi ɗan maharba, wanda ba ya kuskuren murfin kwalba da bindigar gidan. Yabo ne tsantsa, ko kalma ɗaya ta ɓatanci babu a ciki.

Shi kuwa Abu Othman mutum ne mai kirki, amma ba ya ƙaunar maƙaryaci. An taɓa yin mai dafa masa abinci da ya yi ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, cikin mako guda mutumin ya tsinci kansa a filin jirgi da jakarsa. Da yamma Abu Othman ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Ya Lawal, ashe kai maharbi ne ka ɓoye mini? Ranar Juma'a za mu fita jeji da abokaina. Za ka nuna musu."

Maman Lawali ya rage gudun mota. Ya tuna ɗakinsa biyu a Sa'alaba, da 'ya'yansa mata uku da aka haifa a Jidda, waɗanda ba su san hanyar Damagaram ba. In ya ce ƙarya yake yi, jirgi. In ya harba ya kuskure, jirgi. Ya ce, "Na'am, ya ammi," da muryar da shi kansa bai gane ta ba.

Mataki na shida: Kada ka faɗi gwangwanin da kake nufi

Nan ne gwanintar take, ka buɗe kunne.

Aka fita bayan sallar Juma'a, motoci uku, har da Kassimu da aka ɗauko don ɗaukar kaya. Aka shimfiɗa darduma, aka ɗora gahawa. Abu Othman ya jera gwangwani bakwai a kan wani dutse, ya ƙirga taki arba'in, ya ce a fara da kaɗan tukuna. Ya saka harsashi da hannunsa, ya miƙa.

Maman Lawali ya tsaya. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama don jin iska, iska kuwa ko ganye ba ta kaɗawa. Ya juya ya duba rana, rana tana bayansa. Harsashin kuma a gabansa aka ɓare sabon kwali. Uzuri uku, duk sun gudu sun bar shi. Gumi ya jiƙa masa riga har gadon baya.

"Yalla, ya Lawal," in ji maigida.

Ya ɗora ta a kafaɗa yadda ya gani a talabijin, ya auna gwangwanin farko na hagu, ya karanta duk abin da ya zo bakinsa, ya runtse ido biyu, ya ja kunama.

Gwangwani na shida ya yi tsalle.

Larabawa suka ɗauki "Masha Allah!" Maman Lawali ya buɗe ido, ya ga na farko yana nan daram, ya ga gurbin na shida. Sai ya sauke bindiga a hankali ya ce, "Na shidan ne ya fi ƙanƙanta, shi ya sa na zaɓe shi." Da aka ce ya ƙara, ya dafa ƙirji ya ce a gidansu maharbi ba ya harbi biyu a rana ɗaya, kakansa ya hana. Wallahi ko ni da nake koyar da abin nan, ranar na sara masa.

Mataki na bakwai: Karɓi ƙarin girma da hannu biyu

A hanyar dawowa Abu Othman ya ce, "Na zalunce ka, ya Lawal. Mutum irinka a bayan sitiyari? Haram. Gonata da ke can bayan Usfan, karnukan jeji sun gama mini da awaki. Kai ne maganinsu. Gobe za ka koma can."

"To motar fa, ya ammi?"

"Ga wannan ɗan'uwan naka Kassimu, ai na ji ya iya tuƙi."

Maman Lawali ya ce, "Bindigar fa?"

"Bindiga? Lasisinta sunana ne, kai kuma baƙo. So kake a kama mu duka? Akwai gora mai kyau a can. Mai ido irin naka ai ko da gora ma ya isa."

Yau shekara biyu ke nan. Yana can da awaki tamanin da gora guda, ba wuta, ba majalisa, ba wanda zai yi wa bayanin saiti sai bunsuru. Sau ɗaya a wata yake shigowa Jidda a bayan motar ciyawa. Autarsa Mastura takan ɓuya a bayan zanen uwarta in ya shigo, sai ya kwana ya wuni kafin ta yarda ya ɗauke ta. Fatu ba ta taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba, shi kuwa ya ce da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Amma a ƙofar shagon Isha'aku, har Abdulghani ya sallama cewa bindigar tana da saiti. Ka ga ke nan hanyar ta yi aiki.

A kula

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko kafaɗarka, ko iƙamarka, ko iyalinka. Shi bai ce kowa ya yi ƙarya ba, bai kuma taɓa faɗin mugun abu a kan kowa ba, yabo kawai ya iya. Mai ƙorafi ya same shi a ƙofar gidan Abu Othman, cikin jip, gilashi a rufe saboda sanyin na'ura. Kada dai ka zo da safiyar Alhamis, lokacin yana goge bindigarmu.