Babbar Rigar da Na Ɗinka wa Jirgin Likita

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya a bakin kogin Potomac ina fatan ƙasa ta tsage in shige ba.

Shekara ashirin na yi kan keken ɗinki a Zariya kafin in zo Fort Washington a Amurka, inda nake wankin motoci. Likita, wani ɗan garinmu, ya sayi jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai faɗin nan da ke zaune kan dogayen gangunan ƙarfe biyu, da kujeru kamar falo. Ya ce in ɗinka masa murfin tamfol saboda ruwan sama. Maƙwabtansa huɗu masu jirage suna jiran su ga aikina. In ya yi kyau, na bar wankin motoci ke nan.

Tamfol ɗin ya zo da takardar bayani. Lokacin watana uku kacal a ajin yaƙi da jahilci, sai na dube ta sama da ƙasa, na cusa a aljihu. (Wa zai koya wa tela ɗinki?) Na auna jirgin, na bi ƙa'idar maigidana da ya koya mini ɗinki: ba a ɗinka wa mutum kaya cif-cif, ko zai yi ƙiba. Na bar rarar taƙi guda kowane gefe, na ɗinka, na rufe jirgin.

Kwana uku ana ruwa. Ranar Asabar Likita ya taho da maƙwabtan, da surukinsa Alhaji, baƙo daga gida, cikin farar shadda. Tun daga nesa na hango ɓarna. Murfin ya lotsa a tsakiya, ya zama kududdufi, har da agwagwa biyu a ciki.

"Malam Ilu," in ji Likita a hankali, "murfi na ce ko tafki?"

Na ce a bar ni, zan kwashe ruwan da kofi ko da zan wuni. Alhaji ya naɗe hannun riga.

"Haba ɗana! Kama can, in kama nan, mu karkata shi kogi."

Na kama. Na ɗaga gefena fiye da kima, ruwan kwana uku da ganye da kashin agwagwa suka bi rarar da na bari, suka sauka kan Alhaji tun daga hula.

Ya share fuska, ya dube ni. "Madalla. An yi wa jirgi babbar riga, an yi wa mai riga wanka."

Ran Litinin na kai wa malamar ajinmu takardar, muka bi ta kalma-kalma. Layi na biyu: a ja tamfol ya ɗame, a kafa sanda a tsakiya don ruwa ya zurare. (Layi na biyu fa!)

Likita ya bar ni na gyara. Cikin maƙwabta huɗu ɗaya ya kira ni, don haka har yau ina wankin mota rabin mako. Amma na koyi cewa jirgi ba ya ƙiba, kuma takarda ba ta karanta kanta a aljihu.