Ranar da Na Zuba wa Baƙo Kanwa a Shayi

Ba zan taɓa mantawa da kakar nan ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da ke kaina. Lokacin Nasara sun riga sun zauna a Damagaram, amma mu a ƙauyenmu na kusa da Gangara, a ƙasar Damargu, shayi sai dai a labari. Mai ba da labarin kuwa ni ne.

Sau ɗaya tak na taɓa zuwa Damagaram, na kai fatu. Ina wucewa ta ƙofar wani Balarabe na hango mutane a zaure riƙe da ƴan finjalai, wani jan ruwa a ciki, farar kumfa a samansa. Iyakar abin da na gani ke nan, daga bakin ƙofa. Amma da na dawo gida sai labari ya yi ƙiba: na shiga, na zauna, na sha, har Balaraben ya ce in dafa masa (Allah Ya yafe mini, har yabon da ya yi mini na ƙirƙira). Shekara biyu ana kirana Mai-shayi, ina amsawa.

Kawuna Mamman, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yana da wani amini Ba'abzine mai suna Agali. Duk kaka yakan sauka a gidanmu da gishiri da dabino, ya koma da gero. A shekarar sai ya zo da hannun dama a ɗaure, raƙumi ya cije shi. Bayan la'asar, dattawan gari na zaune a gindin aduwa, ya ciro ƴar buta da finjalai uku da guntun kan sukari, da wani ƙulli da bai kai dunƙulen hannu ba.

"Mamman, baƙin ganye ne, tun daga Kano. Na hana kaina don in sha da kai. Sai dai ga hannu."

Kawu ya yi murmushi. "Ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga ɗana nan, shi ya dafa wa Larabawa."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji bakina ya ce, "Abu mai sauƙi." Na ɗebi rabin ganyen na shige cikin gida, wai iska ta yi yawa a waje.

Na tafasa, na zuba sukari, ruwa ya yi ja, ƙamshi ya tashi. Kumfa fa babu. Na jira, babu. Sai na yi tunani irin na ɗan Damargu: me ke sa abu kumfa a tukunya in ba kanwa ba? Na gutsuro, na jefa, na kawo maburgi na burga.

Matata Hajo ta saki muciya. "Malam, kanwa a abin baƙo?"

"Ke kin taɓa zuwa Damagaram?" na ce.

Kumfa ta taso kuwa, wata toka-toka, ruwan ya koma kamar na marina. Na fito da shi ina taƙama.

Agali ya karɓa da hagu, ya tura finjalin ƙarƙashin amawalin rawaninsa. Idanunsa kawai muke gani. Na ga sun rufe, sun daɗe, sun buɗe. Ya shanye tas. Kawu kuwa kurɓa ɗaya ya yi, ya juya ya furzar, hawaye na zuba.

"Wannan ne abin da Larabawa ke rububi?" in ji Kawu.

Liman ya sansana nasa ya ce, "Ni dai warin kunun mai jego nake ji."

Na ga Kawu ya sunkuyar da kai. Amininsa ya yi tafiyar kwana da kwanaki da wannan ganye, ga shi ɗansa ya lalata a gaban gari. Sai Agali ya ce a hankali, "Wataƙila irin na Damagaram ke nan. Mu a Abzin raƙuma muke ba kanwa. Ɗana, kawo wutar nan waje, ka ara mini hannunka mu gwada irin namu."

Ya buɗe mini ƙofar tsira, amma na kasa bi ta cikinta. Na durƙusa na ce, "Baba, ban taɓa sha ba. Daga bakin ƙofa na hango."

"Na sani," in ji shi. "Wanke butar."

Ya sa na zuba sauran ganyen, na ɗora a kan garwashi kaɗan, ya hana ni fifita. Da ya nuna, ya ce in tsiyaya a finjali in mayar cikin buta. "Ɗaga hannu. Ƙara. Kada ka ji tsoro, ƙara." Ruwan ya sauko siriri kamar zaren da aka kaɗa, rana ta ratsa shi ya yi ja kamar garwashi, yana wata ƙara mai daɗi. Sau uku, sau huɗu, sai ga kumfa fara fat tana hawa da kanta, ba kanwa ba maburgi, daga hannuna ni maƙaryaci. Liman ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah."

Ganye ɗaya muka dafa har sau uku, finjalai na zagayawa. Da nawa ya zo, ɗaci ya fara kama harshena, zaƙi ya biyo, ɗumi ya sauka har ƙirji, na ji kamar an wanke mini ido. Shekara biyu ina kwatanta wannan abu, ashe ko ƙaryata ba ta kai shi ba.

Kawu ya sha, ya dubi amininsa, ya yi dariya. A nan na sami numfashi.

Suna dai ya canza tun ranar. Har jikokina Mai-kanwa suka tarar ana kirana, kuma ina amsawa, don wannan kam da gumina na same shi. Yanzu in na hango abu daga bakin ƙofa, nakan ce daga bakin ƙofa na hango. In na manta kuwa, Hajo na nan kusa: "Malam, in kawo maburgi?"