Ragon Layya da Makunnin Sola

Da hannuna na kafa makunnin yanke wutar sola a gareji, ƙasa-ƙasa, inda ragon layyarmu ke ɗaure. Na ce wa matata ko a Sakkwato babu gwani irina.

Kullum sai wuta ta ɗauke. Na koma kasuwar Sabon Birni na yi wa mai batir ɗin da ya sayar mini da batirin solar tas.

Rannan matata ta ƙwala kira: "Malam, taho ka ga wanda ya fi ka iyawa!" Ashe ragon ne ke susar ƙaho da mariƙin makunnin.

Na mai da makunnin sama, ranar Sallah na ci soyen ragon, wuta ta zauna daram. Amma har yau, ko fitilar babur ce ta mutu, mai batir sai ya ce, "Malam, ragonka ya dawo?"