Ranar da Na Kama Ɓarawon Maƙalata a Ƙofar Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na miƙe a gaban dattawan unguwarmu ba, mahaifina yana cikinsu, na karɓi lasifika na kira wani tsohon farfesa ɓarawo. Har yau ƙannena ba su daina kwaikwayon muryata ta wannan ranar ba.

Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, bakin kowa ya buɗe. Mai shayi maganar 'yanci yake yi, kwandastan hayis ma in ka taka shi sai ya tuna maka cewa yanzu dimokuraɗiyya ake. Ni kuma sabuwar malama ce a sashen tarihi na jami'a, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba, ina zaune a gidanmu da ke Sheshe.

Asalinmu Barno ne, ko da yake iyayen kakanninmu a Kano aka binne su. Kakata ta wajen uba, Ya Falmata, turaren wuta take haɗawa tun tana budurwa. Da na tashi rubuta maƙalata ta farko sai na ga ba sai na je nesa ba. Na zauna da ita da tsofaffin ƙawayenta, ina tambaya suna ba ni labari: yadda iyayensu mata suka zo da sana'ar, yadda ake jiƙa itace a soya shi da sukari, yadda da kuɗin turare mata suka aurar da 'ya'ya, wasu har suka sayi gidaje. Na sha hayaƙi har tufafina suka daina jin wanki.

Da na gama na kai wa shugaban sashenmu, Dakta Inuwa, ya duba. Bayan kwana biyu ya kira ni ofis.

"Aiki ya yi kyau, Malama," in ji shi. "Sai dai kin san al'ada. Ƙaramin malami ba ya fita shi kaɗai. Ki sa sunana a gaba, naki ya biyo, sai in miƙa wa mujallar tsangaya."

A zuciyata na ce, ranka ya daɗe, ko kaskon turaren ba ka taɓa gani ba. A baki kuwa cewa na yi, "To, zan yi shawara." Ban sa sunan ba. Shi ma bai sake tayar da zancen ba, amma fayil ɗin tabbatar da ni a aiki ya samu wuri a kan teburinsa ya kwanta. Duk sanda na tambaya sai ya ce ana dubawa.

A wani shagon intanet, irin wanda za ka danna abu ka je ka yi salla ka dawo bai buɗe ba, na ci karo da wata mujallar ilimi da ba ta sayar da komai. Abin da ta buga, kowa a duniya zai iya karantawa kyauta. Na tura musu. Masu tantancewa, waɗanda ban san su ba su ma ba su san ni ba, suka yi min kaca-kaca da gyara. Editan ya tambaye ni ko akwai wani da ya sa hannu a aikin, na ce babu. Ya tambaya ko tsofaffin sun yarda a ambaci sunayensu, na koma gida-gida na tambayo. Daga ƙarshe maƙala ta fito da sunana ni kaɗai, aka kuma sanar da ni cewa haƙƙin mallaka yana hannun marubuciya. Wannan jimlar na haddace ta kamar karatun allo. (Akwai wasu jimloli a ƙasanta. Murna ba ta bar ni na kai gare su ba.)

Daga nan sai na zama mai gadi. Abu yana fili, ba ƙofa ba kwaɗo, ga kuma abin da Dakta ya nuna min na halin manya. Ko ɗalibi ne ya ce "turare" a baranda sai na waiga.

Ana nan sai ƙungiyar ci gaban unguwanninmu ta shirya lacca a filin wata firamare da ke Ƙofar Ruwa, kan tarihin Barebari a birnin Kano. Baƙo mai jawabi wani Farfesa Modu ne daga Maiduguri, shugaban taro kuma, cikin ikon Allah, Dakta Inuwa. Da safe Baba ya leƙo ya ce, "Ki taho da Ya Falmata, kuma ku zo da wuri." Ya maimaita "da wuri" yana wani murmushi, ban kawo komai a raina ba.

Wanda bai taɓa raka Ya Falmata unguwa ba bai san haƙuri ba. Kowane zaure sai ta tsaya. Ta yi wa wannan gaisuwar mutuwar da aka yi bara, ta yi wa waccan barkar jaririn da har ya fara rarrafe. Kafin mu isa, taro ya yi nisa.

Muna shiga rumfar mata na ga kawuna suna juyowa. Ana taɓa juna, ana raɗa, "Ga ta nan, ga ta nan." Na gyara mayafina, na zaunar da Ya Falmata, na kasa kunne. Wani dogon tsoho ne mai farar hula, baƙon jawabin, yake karanta takarda da Hausa, a hankali, yana jin daɗin abin da yake karantawa. Jimla ta farko na ji kamar na san ta. Ta biyu na tabbatar. Maƙalata ce, an mayar da ita Hausa, layi bayan layi. Na duba gefe na ga hannun kowa riƙe da kwafi, har da masu sayar da ruwa.

Sai na ji ya karanta: "Kakata ta shaida mini cewa mahaifiyarta a nan Ƙofar Ruwa ta fara sauka, ba ta zo da komai ba sai tukunya ɗaya ta itacen turare."

Ya Falmata, wadda kunnenta ke zaɓen abin da zai ji, ta taɓo ni. "Wannan ɗan gidan wa ne yake cewa ni kakarsa ce?"

Shi ke nan. Mutumin nan bai tsaya ga maƙalata ba, har kakata ya haɗa ya sace. Sai na fassara raɗe-raɗin matan nan da cewa tausayina suke ji. Ban san sanda na miƙe ba. Na ratsa tsakanin kujeru, na wuce rumfar maza, na nufi teburin manya. Mai gabatarwa yana ganina ya washe baki, ya taho da sauri ya miƙo min lasifika. Jama'a suka ɗauki tafi. Na ce a raina, ka ga mutanen unguwa, sun san gaskiya, suna bayana.

Ko sallama ban yi ba.

"Jama'a, abin da ake karanta muku ɗin nan nawa ne," na ce. "Ni na rubuta shi, ni na sha hayaƙinsa. Kakar da ake faɗa tawa ce, ga ta can zaune, ba ta da jika mai furfura. A ilimi, wanda ya ɗauki aikin wani bai faɗi mai shi ba, sunansa ɓarawo, ko da farfesa ne. A wurin aiki an ce sai na sa sunan wani babba a gaban nawa, na ƙi, an danne min takardata har yau. Yanzu kuma an biyo ni har unguwarmu. To, mulkin soja ya ƙare. Haƙƙin mallaka yana hannun marubuciya."

Na tsaya ina jiran tafi na biyu. Babu. Wata akuya ce kawai ta yi kuka a bayan aji. Na dubi Baba, na ga ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa kamar ranar ya fara ganinsu.

Mai gabatarwa ya matso ya yi ƙasa da murya, ya manta lasifikar tana kusa da bakinsa. "Malama, ai da sunanki ya buɗe. Tun ɗazu cigiyarki ake yi. Kujerar can da ba kowa, taki ce."

Kowa ya ji. Wani ya miƙo min kwafin da ke hannunsa. Sunana ne a sama, har da na Baba, an rubuta shi da manyan baƙaƙe fiye da kan maganar.

Mai hankali a nan zai ajiye lasifika ya nemi hanyar gida. Ni sai na ga bari in tsira da ɗan abin da ya rage. Na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "To, amma wa ya ba da izinin fassarawa da rabawa?"

Farfesa Modu ya cire tabarau ya goge. Ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, wannan ya fi komai ciwo.

"Ke kika bayar, 'yata," in ji shi. "Sharaɗin mujallar ke nan, kuma kin amince da shi. Aikin naki ne har abada, ba mai ƙwace miki. Amma kowa na iya kwafa, ya raba, ya fassara, muddin ya faɗi sunanki, bai kuma jingina miki abin da ba ki faɗa ba. Duk da haka na aika miki saƙo ta intanet don ladabi, ban ji amsa ba." (Rabona da shagon nan tun ranar da maƙalar ta fito.) "Na ga aikin a kan iyayenmu mata ne, kuma yawancinsu ba sa jin Turanci. Na ce bai kamata mutanen wata ƙasa su karanta labarinsu, su masu labarin ba su ji ba."

Wani ya fara dariya daga baya, ta bazu har rumfar mata. Na juya zan gudu, sai Farfesa ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku dakata. Yarinyar nan ta faɗi magana biyu. Ta farko ta kuskure, mun yi dariya. Ta biyun ba abin dariya ba ce. Wanda bai yi bincike ba, bai yi rubutu ba, ba shi da gurbi a kan maƙala, ko shi ya ɗauki marubucin aiki. Wannan ba al'ada ba ce, cin amana ne." Sai ya juya gefensa cikin ladabi. "Shugaban taro, an ce kai ne shugaban sashensu ko? Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Na san ba za ka yarda a yi haka a ƙarƙashinka ba. Don Allah ka bincika mana ko wane ne."

Dakta Inuwa ya ɗauki kofin ruwa ya sha, ya daɗe yana sha. "In sha Allahu za a bincika," in ji shi.

A lokacin ne Baba ya ɗago kai. Ya dubi Dakta, sauran dattawan ma suka dube shi.

Aka zaunar da ni a kujerar tawa, na ƙarasa taron ina kallon ledar tebur. Da aka tashi Farfesa ya je har rumfar mata, ya durƙusa ya gaida Ya Falmata da Barbarci. Ta amsa, ta ƙare masa kallo, ta ce in dai yana so, ta karɓe shi a matsayin jika, tunda ya riga ya faɗa a bainar jama'a.

A gida Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Gobe ki je masaukinsa ki ba shi haƙuri. Kuma me ya sa ba ki taɓa gaya min maganar wurin aikinki ba?"

Washegari na je, na durƙusa, na fara jero ban-haƙuri. Farfesa ya katse ni. "Tashi, 'yata. Fushinki daidai ne, adireshi kawai kika ɓata."

Ranar Litinin ina shiga sashe masinja ya ce ana nemana. Na tarar da fayil ɗina an sa hannu. Dakta Inuwa bai ɗago ba, ya ce dama ana dubawa ne, yanzu an gama. Na yi godiya kamar ban san komai ba. Kafin shekara ta zagayo, wasu ƙananan malamai a sashenmu sun fitar da nasu ayyukan da sunayensu su kaɗai, ba wanda ya ce musu uffan kan al'ada.

Kwafin Hausar nan kuwa ya shiga gidaje. 'Yan makaranta suka riƙa karanta wa iyayensu mata. Tsofaffi daga Soron Ɗinki da wasu unguwannin suka fara aiko min: wata ta ce na manta da kakarta, wata ta ce ba haka ake jiƙa itacen ba, in zo ta nuna min. Daga bakinsu na samu maƙala ta biyu, wadda ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba.

Yanzu ni nake koyar da ɗalibai ɗa'ar bincike da haƙƙin marubuci. Ina gaya musu kada su bari kowa ya hau kan aikinsu, komai girman rigarsa. Ina gaya musu su karanta sharaɗi har ƙasa, ba iya layin da ya yi musu daɗi ba. Sannan in ƙara da abin da babu shi a manhaja: in ka zo taro a makare, kafin ka karɓi lasifika, ka tambayi na kusa da kai abin da aka faɗa kafin ka zo.