Lasisi Biyu da Manhajar Buhunan Gyaɗa

Ko na manta da komai a sana'ar nan tawa ta rubuta manhaja, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban shugabannin ƙungiyoyin manoma a Damagaram ba, sanye da sabuwar shadda, ina zufa kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma rabin haushin na waɗanda suka ƙirƙiro kyauta mai sharaɗi ne.

Wata manhajar waya na haɗa, mai lissafa buhunan gyaɗa da gero da ke shiga rumbun ƙungiya, ta kuma faɗi adadin da murya saboda waɗanda ba su yi boko ba. Ɓangaren lissafin a intanet na ɗauko shi, kyauta. Na muryar ma haka. Kowanne ya zo da doguwar takardar lasisi cikin Ingilishi, ni kuwa da Faransanci na yi karatu, kuma (gaskiya dai) ko da Hausa aka rubuta ba karantawa zan yi ba. Na haɗe su wuri guda, na ɗaure ƙunshina, ina jin kaina.

Wani furoje ne, wato shirin tallafi, zai raba wa ƙungiyoyin ƙauyuka manyan wayoyin nan na tablet, aka ce in manhajata ta samu karɓuwa za a saka ta ciki. Wannan ne zai zama aikina na farko mai suna. Don haka na gayyato kawuna daga Mirriya, mutumin da ya riƙe ni, wanda kullum ke ce wa mutane sana'ata danne-danne ce. Kafin ranar ma na saka masa manhajar a wayarsa, shi kaɗai, don ya san ba zaman banza nake ba.

Na yi bayani, aka tafa. Sai injiniyar furojen ta ɗaga hannu. Madam Saratu ce, ajinmu ɗaya a lise, wato sakandare (a wurina take kwafar lissafi, Allah shaida ne).

"Malam, ka karanta lasisin abubuwan da ka haɗa?"

"Duk kyauta ne, Madam," na ce, har da murmushi.

"Kyauta ne, amma ba sa zama tare. Na lissafin ya ce in za ka raba, sai ka buɗe aikinka duka, kowa ya yi abin da ya ga dama da shi, ko sayarwa ne, kuma kada ka ƙara wa kowa sharaɗi. Na muryar ya ce ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. In ka bi wannan ka saɓa wa wancan."

Jama'a, ku ji fa! Mutum ya ajiye kaya a bakin hanya ya ce kowa ya ɗauka, sannan ya koma gefe yana gindaya wanda kayan zai zauna kusa da shi. Wane irin iyayi ne wannan? Na buɗe baki zan faɗi haka, sai na ga idanun zauren duka a kaina.

Ita kuwa, don ta rufa min asiri, ta sassauta murya. "Ba komai. In a ordinatarka, kwamfutarka ke nan, kawai yake, babu laifi. Rabawa ce matsalar. Ba ka raba ba tukuna, ko?"

"Ko kusa," na ce da ƙarfi. "Bai fita ba."

A nan kawu ya miƙe. Shi bai fahimci komai ba sai cewa ana tuhumar ɗansa da rowa.

"A'a, 'yata, kada ki zarge shi. Ya fita! Ni da hannuna na tura wa mutane ran kasuwar Mirriya. Alhaji na Garagumsa, ba ka samu ba?"

Alhajin ya ɗaga waya. Na bayansa ya ɗaga. Mutanen Durum suka ɗaga tasu gaba ɗaya, suna murna za su kare ni. Wani ya danna, muryar da ake rigima a kanta ta cika zauren tana ƙirga buhuna. Na manta cewa a ƙasar nan abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga ta kowa, don wanda ya riƙe shi kaɗai sai an yi da shi a majalisa.

Tablet dai aka raba su babu ni. Na bi ƙauyuka a kan kabu-kabu ina roƙon a goge, ana min kallon marar kunya. Wani dattijo a Durum ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya biyo kyautarsa har gida ba. Kawu kuwa ya daina cewa danne-danne nake, yanzu cewa yake na yi abin kirki sau ɗaya, na koma ina ƙwacewa.

Daga baya na cire muryar mutane, na naɗi tawa, mai kama da ta mai mura. Ita manoma ke saurare yanzu, kuma sun ce ta farkon ta fi daɗi. Tun daga lokacin, ko goro aka miƙo min a wurin ɗaurin aure sai na tambaya ko an yarda in ɓara wa na kusa da ni.